Kafin Ka Sa Hannu a Kan Wayar Alhaji

Tudun Wada,
Sakkwato.

Zuwa ga Injiniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, da fatan mota ta sauke ka lafiya, ba ta yini a layin mai ba, kuma sojojin shinge ba su ɗauki akwatin awon nan naka a kan bam ne ba. Allah Ya tsare ka a tafiya da sauka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, waɗanda ba na kirki ba kuma Ya sa ka gane su tun daga gaisuwa.

Na sa takardar ga ƙarƙashin kilishi don na san can za ka fara kai hannu. Da cikin littattafanka na sa ta, sai bayan ka dawo za ka gan ta.

Ka san abin da ya hana ni zaunar da kai. Kai ne ɗan fari. Tun da anka haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa ɗaukarka gaban mutane ba, in na shigo zaure kana ciki sai ɗayanmu ya tuna yana da aiki a waje. Haka na tarar ana yi, haka na yi. A Kara, kasuwar shanu, ina iya tsayar da mutum ya sayi saniyar da bai fito saye ba, amma gabanka bakina mutuwa yake yi. To, alƙalami ba ya jin kunyar kowa.

Kada ka yi mamakin yadda na san aikin naka. Ranar da kake yi wa mahaifiyarka bayani a tsakar gida, ina bayan zana ina alwala, kuma ban taɓa alwala mai tsawon ta ba. Abin da ban gane ba na kai wa maƙwabcinmu Malam Bitrus, tun da shi malamin kimiyya ne, ya warware mini a kan benci da tocila da tsinken tsintsiya. Ga abin da na kwaso: an binne waya tsakanin garuruwa biyu, ba ta jan ƙarfe ba, ta gilashi, siririya kamar gashin wutsiyar doki, kuma magana za ta riƙa bi ta cikinta da haske. Kai ba binnewa ne aikinka ba. Kai za ka tura haske daga wannan baki, ka auna abin da ya isa wancan, ka ga nawa ya zube a hanya, sannan ka sa hannu a takarda cewa aikin ya yi ko bai yi ba. Na ce wa Malam Bitrus, ashe duk karatun nan dillali na haifa. Ya ce dillalin haske. Na ce duk ɗaya, mai kaya na gefe, mai saye na gefe, kai kana tsakiya da bakinka.

Na kuma san abin da ya sa ka bar tuwonka rannan. Ka ga sunan ɗan kwangilar da ya binne wayar, ka ga Alhaji ne na Arkilla, abokina, wanda ka ci sunansa. Tun ranar sunanka ma na rasa sunan abokin nawa, don in na kira shi na kira ka, sai dai in ce Alhaji. Shi ya ɗauke ka a wuya ya kai ka kallon jirgi, shi ya saya maka keken farko, ba ya ce maka komai sai takwara. Yanzu aikinka na farko da za ka sa hannu da kanka, aikinsa ne. Maganar da zan yi ke nan. Amma ka san ni, ba ni shiga gida ta ƙofa in akwai zagaye, saboda haka bari in fara da bajimi.

Ina sabon fita makaranta, ina jin Turanci na yi mini ƙaiƙayi a harshe, kakanka ya ba ni kuɗi ya ce in je Kara in sayo sa ni kaɗai, a gani. Na tarar da wani Bafillace ya tsayar da farin bajimi jikin katanga. Tozo kamar tulu. Na buɗe baki na duba haƙora, na ɗaga kofato, na shafa haƙarƙari, duk yadda na ga manya na yi. Da na yi niyyar zagayawa ɗaya gefen sai ya miƙo mini goro.

"Kaɗo, kai ɗan wane ne? Ai idonka na manya ne."

Na tsaya na ba shi tarihin gidanmu. Na sake ɗaga ƙafa, ya ce, "To mi ka gani a farashi?" Na tsaya ciniki. Na rage masa, ya yi kamar zai yi kuka, na ji daɗin kaina har kunne. Da na ja sa munka kama hanya, bai yi nisa ba ya yi karo da turken rumfa. Na zagaya. Idon hagu fari fat, ga wani tsohon gyambo a cinya ƙuda na biki. Kakanka ya zagaya shi a ƙofar gida, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Rabin da ka sayo ya yi kyau. Ina ka baro ɗayan rabin?"

Na ji ka ce ana auna wayar daga wannan baki, sannan a kwashe kaya a koma wancan a sake aunowa. Malam Bitrus ya ce mahaɗin waya na iya yin kyau in haske ya zo masa daga gabas, ya nuna halinsa in ya zo daga yamma. To za a samu mai ce maka rana ta yi, mai ya yi tsada, wancan bakin na da nisa, ai duk waya ɗaya ce. Ka karɓi goronsa, ka gode, ka zagaya. Kuma tun da ka ce zaruruwa ne da yawa cikin kwanso ɗaya, kowane zare ya amsa da bakinsa. Kada ka auna na sama ka yi wa na ƙasa shaida. Ka bi lambar kowane, ka tabbata zaren da ka kama a nan shi ne abokin aikinka ya kama a can, don kada ku yini kuna yabon zaren da ba wanda ya taɓa.

Sai maganar sikeli. Wannan lokacin da kuɗin mai sunka cika ƙasa ne, kana goye. Ma'aikata sunka samu ƙarin albashi, kowa ya sayi rediyo da babur, masinja na cin nama kullum kamar mai jego. Na buɗe teburin nama a Sabon Gari, na ce ni ba mahaucin tsibi ba ne, da awo zan sayar kamar kanti. Na sayo sikelin rataye ɗan waje, yana ƙyalli, allurarsa ja. Kafin wata ya ƙare mata sun yi layi gabana, teburan maƙwabta ba kowa. Matan ma'aikata, matan barikin soja, masu tuwo-tuwo. Wata ta fara ce mini Alhaji tun ban ga ko hanyar filin jirgi ba. Na sayi turare. Na fara karkata hula. Ina dawowa gida ina ce wa mahaifiyarka, baki shi ne jari, ki gode Allah da mijin da kika samu.

Abu ɗaya ya dame ni: ciniki ya fi na kowa, riba ba ta kai ta kowa ba. Ran nan na zo da sikelin gida in goge shi, mahaifiyarka ta rataya masa ƙullin sukarin kanti wanda anka rubuta nauyinsa a jiki. Allura ta tsaya can baya, kamar mai jin nauyin surukai. Ta dube ni, ta dubi hular, ta ce, "Malam, ashe ba kai suke zuwa gani ba."

Duk wanda ya sayi kilo, da gyara mai kauri yake tafiya, kuma duk Sabon Gari an sani ban da mai teburin. Ba wanda ya cuce ni. Ni ne ban tambayi sikeli ba kafin in sa shi tambayar nama.

Saboda haka kafin ka je bakin rami, ka auna ma'aunin. Na ji ka ce ana haɗa mai tura haske da mai karɓa da 'yar gajeruwar waya tukuna, a ga inda allura ta tsaya, daga nan a fara lissafi. Ka yi shi kowace safiya, ko jiya ka yi. Ka duba takardar da ke nuna yaushe anka daidaita na'urar, in lokacinta ya wuce ka faɗa tun kana ofis, ba sai kana daji ba. Batir ka ɗauki na ajiya, ka san halin wutarmu. Kuma naka ma'aunin, da naka gajerun wayoyin. In ɗan kwangila ya ce ga nasa sabo dal, ka yaba shi sosai, ka ce Allah Ya sa albarka, ka buɗe naka akwatin.

Kwalbar sifirit ɗin nan da audugar da kake goge bakin waya da su, ka san saura kaɗan su jawo maka wa'azi? Mahaifiyarka ta shinshina kwalbar tana shirya maka jaka, ta zo mini ido ya yi ja, ta ce giya ce, boko ya gama da yaron. Sai da Malam Bitrus ya zo da kansa ya rantse mata cewa ko a garinsu ba mai shan wannan. Shi ya gaya mini maiƙon yatsa kaɗai na iya tare hasken, a ɗora wa waya laifin da ba nata ba. To ka ga kilishin nan mai ne da shi. Ka wanke hannu da sabulu. Kada a tono rami a ɗaure wa bayin Allah aiki saboda ƙuli-ƙulin mahaifiyarka. Gaskiya gefe biyu gare ta: kada ka wuce da aikin banza, kada kuma ka kayar da mai kyau don ƙazantarka.

Wani abu ƙarami. Ka ce hasken ba a ganinsa amma yana ƙona ido. Jininmu jinin leƙe ne. Girata ta hagu da ba ta sake fitowa daidai ba, tankin janareto na leƙa da ashana in ga ko da sauran mai. Da saura. Kada ka kai bakin waya ido, ko wa ya ce maka an kashe.

To, yanzu mu shiga ta ƙofa.

Kafin teburin nama, kafin a haife ka, kakanka da abokan fataucinsa sunka gaji da kora shanu a ƙasa zuwa Kurmi, sunka haɗa hannu za su sayi gingimari. An ji labarin wata a Funtuwa. Da yake ni ne mai karatu, kuma na taɓa zama gaban mota sau da yawa, anka tura ni in dubo. Kuskuren farko, na sauka gidan mai motar. Dattijo ne mai fara'a, gidansa kan tudu. Ya ba ni ɗakin baƙi da katifa, abin da ban taɓa kwana a kai ba. Da safe waina, da rana kaza, da la'asar fura mai sanyi. Ba ya ce mini komai sai ɗan gidana. Ya ba ni hula, ya ce ta fi dacewa da kaina da nasa.

Kullum in na gama karin kumallo anka kira ni, sai in tarar inji na ruri, mota ta riga ta sauko gindin tudu. Mu zagaya gari, tana tafiya kamar amarya. In an dawo, direbansa ya hau tudu, ya juya ta, hancinta na kallon gangare, ya sa dutse a taya. Injiniya, kada ka ce ban gani ba. Na gani tun ranar farko. Ni ɗan kasuwa ne, na san abin da ake nufi da motar da ba ta kwana a shimfiɗe. Ran da zan taho, muna tsaye a fili inji na aiki, na kai hannu ga makulli na ce, "Baba, bari a kashe a sake tayarwa in ji."

Ya yi murmushi, ya ce, "Kashe mana, ɗan gidana. Ni dai na ɗauka mun wuce nan ni da kai."

Na tuna kazar da na ci a gidansa. Ga hularsa a kaina. Na janye hannu, na ce wasa nake yi. Na dawo Sakkwato na ce wa dattawa mota lafiya lau.

Direban mai motar ya kawo ta Sakkwato bai kashe ba sai a kan gangaren bayan Kara, ya karɓi kuɗin mota ya koma. Anka ɗauki sabon direba, wani siririn saurayi mai yawan magana, anka tura ta ta tashi, kowa ya ce sanyi ne. Munka loda shanu munka kama hanya. Bayan Yawuri, a wani fili shimfiɗaɗɗe kamar faranti, direba ya tsaya sallar azahar ya kashe inji. Munka idar, ya murɗa makulli. Ƙyas. Ya sake. Ko tari ba ta yi ba. Ya buɗe gaba ya daɗe yana kallo, ya rufe a hankali, ya ce, "Wa ya dubo motar ga?"

Na ce ni.

"Da ido ko da ciki?"

Ka taɓa tura gingimari cike da shanu a fili? Kada ka gwada. Munka sauke su, munka tura ni da shi da makiyaya har ƙafafunmu sunka daina jin kira, ba ta motsa abin kirki ba. Wata saniya ta ga daji ta tuna danginta, har yau ba ta aiko ba. Sauran munka kora a ƙasa zuwa gari na gaba, yadda kakanninmu ke yi, mota na bayanmu tana hutawa. A hanyar nan na gaya wa direban komai, har hular. Ya yi dariya har ya zauna a kan kwalta. Amma da munka dawo gida dattawa sunka tsare shi, ya ce ciwon mota irin wanga ba ya nuna kansa sai an yi tafiya. Ya rufa mini asiri, bai taɓa fasawa ba. Direban nan shi ne Alhaji. Abin da ya sa ka ci sunansa ke nan.

Ka lura, ba rashin sani ya kayar da ni ba, kuma ba toshiya anka ba ni ba. Kunya ce. An kira ni ɗa, na kasa zama mai dubawa. Mu mutanen nan an rene mu kada mu kalli babba cikin ido mu ce masa a'a, kuma abu ne mai kyau, ni ma ina son a yi mini. Sai dai masu kaya sun san da haka tun kafin a haife mu. Kai kuma ka fi ni kunya nesa ba kusa ba, ka gado ta wajen uwa ka haɗa da tawa.

Makon jiya Alhaji ya zo nan. Ya bar motarsa bakin titi ya tako, abin da bai saba ba tun da ya yi tumbi. Munka gaisa, munka zagi tsadar mai, munka yi gulmar mutanen da sunka saba. Sannan ya gyara zama.

"Na ji takwarana za a turo mini."

"Haka na ji a bayan zana."

"To gida ya zo. Na sa an gyara mishi ɗaki can masaukina, direba zai tarye shi tasha."

Na ce, "Ofishinsu sun ba shi masauki, Alhaji."

Ya juya makullin mota a yatsa. Ya ce, "Akwai wani wuri gefen gada. Ruwa ya kore mu, ma'aikata sunka yi haɗin cikin gaggawa, anka binne. Magana na wucewa, wallahi tana wucewa, na ji da kunnena. Sai dai ka san na'urorin nan da tsegumi. Ga shi an sa ranar da gwamnan soja zai zo buɗewa. In anka ce a tono, ranar ta tashi, kuma ka san mutanen nan ba su da kalmar haƙuri. Ka ce wa takwarana ya sassauta ido a wurin. Bayan buki ni da kaina zan koma in gyara."

Injiniya, na san Alhaji. Ba ɓarawo ba ne, kuma da ya ce zai koma, har zuciyarsa yake nufi. Amma na ga bukin buɗewa da yawa a ƙasar ga. Na ga an dasa itatuwa da safe an kwashe da yamma. In an yanka ƙyalle an tafa, ba mai komawa gefen gada. Gwamna za a canza shi a rediyo, kwangila ta ƙare, damina ta zo ta shiga mahaɗin nan. Ran da layi ya mutu, ba za a nemi wanda ya tafa ba. Takarda za a jawo a ga wa ya ce ya yi.

Na ce, "Zan gaya mishi. Amma ka ji da kyau, cewa zan yi ya fara da can."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. "Ni? Ni da na tura maka mota a Yawuri?"

"Shi ya sa. Mota ma da taya mun sha wuya. Ɗana mi zai kama ya tura waya?"

Na yi zaton zai yi dariya, don ya fi kowa son labarin. Bai yi ba. Ya tashi, ruwan da anka kawo masa ko taɓawa bai yi ba. Ranar Juma'a ya hango ni ya canza sahu. Majalisar da muke zama bayan la'asar bai sake zuwa ba, mutane na tambayata ko ba ya da lafiya, ina cewa aiki ne ya yi masa yawa. Ba zan ɓoye maka ba, benci ya yi mini faɗi. Mutumin da kuka yi shekaru kuna ƙarya tare a kan ƙuruciyarku ba a samunsa a kasuwa.

Amma wannan nawa ne, ba naka ba. Na gaya maka ne don kada ya zo maka ba shiri, kuma don kada ka zauna kana lissafin abin da mahaifinka zai ji in ka kayar da aikin abokinsa. Abin da zan ji na riga na ji, kuma ga ni ina cin tuwo.

Ga yadda za ka yi da shi. In direbansa ya zo tasha, ka gaishe shi, ka ce an riga an turo maka mota. Ka ajiye kaya, ka je ka gai da Alhaji tun ranar, kada ya ji a bakin wani cewa ka iso. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka ce Baba kamar yadda ka saba. Ruwa ka sha. In an kawo kaza ka ce cikinka bai gama saukowa daga mota ba, wannan ba ƙarya ba ce a hanyoyinmu. In ya miƙo hula ko agogo, ka ce ya ajiye maka sai an gama aiki, ka fi son ka karɓa a Arkilla gaban mahaifinka. In ya ce ashe ba ka yarda da shi ba, kada ka yi gardama, kada ka yi bayani mai tsawo, a nan ake kama mutum. Ka sunkuyar da kai ka ce, Baba, ni ma aunawa ake yi. Ka bar hannunka a kan makulli.

Ranar awo ka gayyace shi ko wakilinsa ya tsaya kusa, ya ga lambar da idonsa. Ka rubuta abin da na'ura ta ce a wurin, da biro, kada ka bari sai ka koma masauki zuciya ta fara yi maka gyara. In wurin gadar bai ci awo ba, ka sake goge bakin waya ka sake aunawa, don ka fita haƙƙinsa. In ya sake faɗuwa, kada takarda ta riga ka isa gare shi. Ka je da ƙafarka ka gaya masa, shi kaɗai, ba gaban ma'aikatansa ba. Ka nuna masa daidai inda ciwon yake, tun da ka ce na'urar na faɗin nisan, don ya tona rami ɗaya ba goma ba. Ka ce ran da ya gyara, ko wace rana ce, kana nan da akwatinka. Alhaji in ya ga ba makawa ya fi kowa sauri, na gan shi yana gyaran mota da igiyar shanu. Mai yiwuwa ma ya gama kafin ranar sojan. Wannan shi ne taimakon da za ka iya yi masa, kuma ba ƙarami ba ne. Ɗayan da ya roƙa ba naka ba ne balle ka bayar.

In ya zage ka, ka ce na gode Baba. In ya ce ya cire sunansa daga kanka, kada ka damu, ragon an cinye shi da daɗewa, ba a mayarwa.

Ta nan gefen kuma muna namu shiri. Mahaifiyarka ta ce in fushin ya kai sabon wata, za ta yi dambun nama ta aika wa Hajiyarsa, kuma a tarihin Arkilla ba a taɓa dawo da kwanonta da abu a ciki ba. Ni kuma zan ci gaba da zuwa Juma'a da wuri. Sahun masallacin ba su da yawan da zai yi ta canzawa har abada.

Ka riƙe salla a kan lokaci ko kana cikin rami. Ka gai da abokin aikinka da zai tsaya a ɗaya bakin, ka kyautata masa, don rabin gaskiyarka na hannunsa. In mutanen can sun yi dariyar Hausarka, ka bar su, mu ma muna yi musu in sun juya baya. Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce kada ka ba kowa kilishin sai ka ƙoshi. Malam Bitrus da iyalinsa na gaishe ka, ya ce in layin ya tashi shi zai fara kiran ƙanensa.

Allah Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da na ruwa da na ƙarfe, Ya tsare maka idonka da hannunka, Ya dawo mana da kai lafiya. Allah Ya sa wurin gadar nan ya ci awo, in sha kunya, in ɗauki ƙafa in je Arkilla in ba da haƙuri Alhaji ya yi mini dariya har shekara. Ba abin da zai fi mini wannan daɗi. In kuwa bai ci ba, Allah Ya ba ka bakin da mahaifinka ya rasa a Funtuwa. Amin.

Wassalam.

Ni ne,
Mahaifinka.